Shagon kayan aiki da aka gada a Gusau: a riƙe ko a sayar?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Baba Alhaji. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana shagon kayan aiki a Gusau, irin shagon da kafintoci da makanikai da masu walda ke zuwa neman guduma da zarto da sifana da kayan gyaran injin ban-ruwa. Tun kafin rasuwarsa ciniki ya ja baya, kuma a layinmu shaguna irin namu da dama sun rufe, wasu sun koma sayar da kayan masarufi ko kayan waya. 'Yan'uwana suna ganin a sayar da kayan a raba gado, ni kuma da na tashi a shagon abin yana yi mini nauyi. Wasu na cewa intanet ce ta kashe irin wannan sana'a kamar yadda ta yi a Turai. Mene ne ainihin abin da ke kashe waɗannan shaguna, kuma akwai sauran abin da za a ci a cikinsu?"

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya gafarta masa, ya albarkaci abin da ya bari.

Tambayoyi biyu ka haɗa, ɗana. Ta farko ita ce me ya sa shagon da ya keɓanta da kayan aiki, wanda mai shi ya san kayansa ciki da waje, yake mutuwa alhali ba a daina gini ba, ba a daina walda ba, ba a kuma daina noman rani ba. Ta biyu ita ce ko ya dace ka tsaya ka riƙe naku. Zan amsa maka da abin da na gani a wannan sana'a, wadda na shiga ina yaron shago har na kai ga yin sari daga Kano da Anacha ina raba wa masu shaguna a Gusau da Ƙauran Namoda da Talata Mafara. A ganina buƙatar kayan aiki tana nan daram. Abin da ya faru shi ne abubuwa biyu da irin shagonku ya tsayu a kansu, wato ajiye kayan da ba kullum ake nemansu ba da kuma sanin kaya, sun daina biyan kansu. Intanet tana da nata kason a ciki, amma a Zamfara ba ita ce kan gaba ba.

Asalin irin wannan shago

Kafin zuwan kanti, maƙeri ne ke biyan buƙatar manomi da ɗan sana'a: fatanya, galma, lauje, gatari, duk a maƙera ake samunsu, kuma har gobe ana samu. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka bi garuruwan bakin layin suna buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da abin da maƙeri ba ya ƙerawa: zarto, sifana, magagari, ƙusa, noti, kwanon rufi, keke. Dokokin mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun fitar da baƙi daga ƙananan ciniki, sai waɗanda suka yi wa kantunan aiki da manyan abokan cinikinsu, Hausawa da Inyamurai da Yarbawa, suka gaji wannan fage. Yawancin tsofaffin shagunan kayan aiki na garin nan daga wannan zuriyar suka fito.

Abin lura shi ne su wane ne masu saye a wancan lokaci. Akwai masaƙar Zamfara Textile, akwai injin gurzar auduga, akwai ma'aikatan reluwe da na ma'aikatar ayyuka, sannan aikin madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 ya tara injuna da makanikai a yankin Mafara. Waɗannan wurare sun yi wa mai shago amfani ta hanya biyu: suna sayen kaya da yawa kuma masu kyau, suna kuma horar da ma'aikatan da suka san bambancin ƙarfe mai kyau da maras kyau, waɗanda in sun bar aiki sun buɗe garejinsu ba sa yarda da tarkace. Da aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996 Gusau ta zama babban birni, gine-gine suka ƙara raya kasuwar. Yau masaƙar ta daɗe da tsayawa, jirgin ƙasa ya daina zama hanyar kawo kaya, kuma wannan rukunin masu saye ya tsufa ba tare da an sami irinsa ba.

Inda ribar take fitowa

Wannan shi ne abin da nake so ka fahimta fiye da komai, domin ko waɗanda suka yi shekara da shekaru a kanta ba duka suka lura da shi ba. Kayan shagon kayan aiki iri biyu ne. Akwai masu gudu, waɗanda ake saye kullum saboda suna ƙarewa da aiki: ƙusa, faifan yankan ƙarfe, sandunan walda, fulogi, tiyo, kwaɗo, burushin fenti, takardar goge katako. Akwai kuma masu jinkiri, waɗanda za su iya yin shekara a kanta ba wanda ya tambaya: sifana mai lambar da ba a cika nema ba, noti na tsohon injin Lister, robar da ke hana ruwa zuba a wani famfon da aka daina shigowa da shi, haƙoran huda ƙarfe masu kauri. Kaya masu jinkiri su ne suka ba shagonku suna, su ne suka sa ake cewa in ba a samu a wurin mahaifinku ba sai Kano. Amma kaya masu gudu su ne ke biyan haya da abincin yara da kuɗin cefane. Wanda ya zo neman notin da babu shi ko'ina yakan haɗa da faifan yanka da fulogi kafin ya fita, da haka ribar masu gudu take ɗaukar nauyin masu jinkiri.

Wannan haɗin ne ya warware. Kaya masu gudu ba sa buƙatar ilimi wajen sayarwa, saboda haka kowa ya shigo cikinsu: mai tebur a bakin titi, yaro mai tura baro a kasuwa, mai shagon siminti da rodi da ya ƙara kanta ɗaya a gefe, har mai shagon kayan masarufi a unguwa. Yawancinsu hayar da suke biya kaɗan ce ko babu, ba su kuma daskarar da jarinsu a kayan da ke kwantai ba, don haka suna iya rage naira ɗari ko ɗari biyu. Kafinta kuwa ba zai hau babur daga Tudun Wada ya shigo cikin kasuwa don ƙusa ba alhali akwai ta a bakin layinsu. Sai aka bar wa shagon ƙwararre kayan da ke da wuyar sayarwa kaɗai. Mutane na nan suna yabonsa, suna zuwa wurinsa in sun rasa mafita, amma zuwan da ake yi sau biyu a shekara ba ya riƙe shago.

Faɗuwar naira da yadda take cin jari

Kusan duk abin da ke kantarku da dala aka shigo da shi, saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi shagon yana raguwa ko da ba a saci ko allura ba. An ga haka bayan 1986 lokacin tsarin gyaran tattalin arziki na SAP, an sake gani a 2016, aka kuma gani a 2023. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a kasuwar bayan fage kuma, inda mafi yawan 'yan kasuwa ke samunta, tana wajen 750. A farkon 2024 ta haura 1,500.

Bari in ba ka misali da lissafi. A ce injin da kuɗinsa dala 100 ne ya shigo shago a kan naira 75,000. Ya yi wata takwas a ajiye, mai shago ya sayar da shi 95,000, ya rubuta ribar 20,000, ya ci daga ciki ya yi hidimar gida. Ranar da ya je sari sai ya tarar irin wannan injin ya koma 150,000. Abin da ya ɗauka riba ce, asarar 55,000 ce. Mai sayar da shinkafa ko sukari ba ya faɗawa wannan ramin da zurfi, domin kayansa na juyawa a mako, kullum yana jin sabon farashi. Mai kaya masu jinkiri shi ne ke sayarwa da farashin bara. Dattawa irin mahaifinku kuma da yawa suna ganin rashin kirki ne su ƙara wa kayan da suka saya da arha kuɗi, musamman ga abokin cinikin shekara ashirin. Na ga shagunan da a idon mai wucewa suna cike, amma in ka duba sai ka ga kwali ɗaya ne a gaba, bayansa fanko, domin kuɗin da a da ke cika kanta yanzu rabinta kawai yake cikawa.

Bashin banki bai zama mafita ba. Zuwa ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuwa ya fi haka, kuma kayan da ke juyawa sau ɗaya ko biyu a shekara ba za su iya biyan wannan ba, ballantana ga mutanenmu da akasarinsu ba sa kusantar bashi mai ruwa tun asali. A ɗaya ɓangaren, mai sayen ma an matse shi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 nan take, daga baya ta haura 1,000. Manomin rani da ke tayar da injin ban-ruwa kullum ya rage fili ko ya ajiye injin, kuma injin da ba ya aiki ba ya cin fulogi, ba ya buƙatar sabon fistin.

Kayan arha da jabu

Ana yawan ɗora laifin a kan kayan Sin, amma maganar tana buƙatar rarrabewa. Kamfanoni irin su Bosch da Makita ma suna da masana'antu a ƙasar Sin. Masana'antun can suna yin kaya ne daidai da kuɗin da mai odar ya biya, kuma ɗan kasuwarmu da ya je Guangzhou ko Yiwu shi ne ke zaɓar matakin da za a yi masa. A kasuwarmu yanzu kaya hawa uku ne. Akwai tsofaffin sunaye irin su Stanley da Bosch da Honda, waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin 'yan sana'a. Akwai na tsakiya irin su Ingco da Total, masu sunan kansu, waɗanda ke yin aiki daidai kuɗinsu. Sai kuma jabu, wanda aka liƙa wa sunan wani. Na tsakiyar ba abokan gabar shagonku ba ne, haja ce kamar kowace haja. Jabu shi ne masifa, domin yana ɓata farashin na ainihi: in ka ce naka 40,000 ne, mai tebur ya nuna mai irin kwalin da irin tambarin a 15,000, kai ne za ka zama macuci a idon mai saye. Hukumar SON ce ke da alhakin kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, amma duk wanda ke kasuwa ya san jabu bai yi ƙaranci ba.

Ba na cikin masu zagin ɗan sana'ar da ya sayi mai arha. Hausawa sun ce arha ba ta ado, gaskiya ne, amma mai waldar da aka ba aikin ƙofa ɗaya, aka ba shi rabin kuɗi, wanda kuma yaransa ke ɓatar da kayan aiki ko a sace su a wurin gini, lissafinsa daidai ne in ya sayi abin da zai gama masa wannan aikin. Illar ga shagonku ita ce idan sabon inji ya yi arha har ya kusa kuɗin gyaran tsoho, mutane sukan daina gyara, kuma kayan gyara su ne rabin dalilin zaman shagon ƙwararre.

Batun intanet

A Amurka abin da ya fara durƙusar da ƙananan shagunan kayan aiki manyan kantuna ne irin su Home Depot, wanda ya buɗe shagunansa na farko a 1979, sannan daga baya Amazon, mai sayar da kaya ta intanet, ya zo ya ƙara. Mu nan ba mu da irin waɗannan kantuna, kuma ko da yake Jumia, mai irin cinikin Amazon, na aiki a Najeriya tun 2012, ban ga ta ɗauke wa mai shagon Gusau kafintocinsa ba, domin mai sayen zarto yana so ya riƙe shi a hannu ya lanƙwasa ya ji. Abin da ya yi mana illa shi ne wayar hannu da tashar mota. Ɗan kwangila ko babban bakanike yanzu hoton abin da yake so zai ɗauka, ya tura ta WhatsApp ga dila a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ya tura kuɗi ta waya, a ba direba, gobe kaya na Gusau. Abin da a da sai mai shago ne ya san inda ake samunsa, yanzu lambar dilan na wayar kowa. Manyan masu sayen da ke biya nan take su ne suka fara tafiya ta wannan hanya, aka bar maka masu sayen ɗai-ɗai da masu neman bashi.

Akwai kuma wani abin da na tabbata ka gani da idonka. Mutum zai shigo da guntun ƙarfe a leda, ka juya shi ka gane na wane inji ne, ka faɗa masa lambarsa da wanda zai iya maye gurbinsa, ya yi godiya ya ce zai dawo, ya je ya saya inda ya fi arha. A da ilimin da kayan tare ake sayensu, kuɗin ilimin na cikin ribar kayan. Yanzu ana karɓar ilimin kyauta a wurinka, a kai kuɗin wani wuri.

Rashin tsaro

Wannan shi ne abin da ya bambanta mu da sauran wurare. Shagon kayan aiki a Gusau bai taɓa rayuwa da mutanen cikin gari kaɗai ba. Ƙananan 'yan kasuwa ne ke ɗaukar kaya a wurinsa su bi kasuwannin mako, Shinkafi ranar Alhamis, Mafara ranar Talata, da sauran kasuwannin Ɗansadau da Zurmi da Anka da Tsafe, su dawo su biya su ƙara ɗauka. Da hanyoyi suka zama abin tsoro, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma ba a iya zuwa, wannan jijiyar ta tsinke, kuma bashin da ke hannun waɗanda aka sace ko aka kora daga garuruwansu ba wanda ke da fuskar bi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a faɗin jihar, an kuma rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a Afrilun 2019, wanda ba a ɗage ba sai Disambar 2024, ya taɓa cinikin diga da shebur da injunan jan ruwa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya zo ya ƙara.

Za ka ce ai Gusau ta fi da cika. Haka ne, amma wanda ya gudo daga ƙauye abinci yake nema da wurin kwana, ba injin feshi ba. Shi ya sa maƙwabtanku da suka koma kayan masarufi ba wauta suka yi ba, sun bi inda kuɗin ya koma ne.

Laifin da yake namu

Ba komai ne daga waje ba. Bashi maras rubutu ya kashe shaguna da yawa, domin bashin da aka ba da lokacin dala na 750 aka biya lokacin tana 1,500 rabinsa ne ya dawo. Ba mu raba aljihun shago da na gida. Ba mu kuma da tsayayyen tsari na yaran shago. 'Yan'uwanmu Inyamurai sukan yanka wa yaro shekarun da zai yi, a ƙarshe a sallame shi da jari, saboda haka yana da dalilin zama ya koyi kowane noti. Namu yaron bai san ranar sallamarsa ba, don haka da ya sami kuɗin babur ko na'urar POS sai ya tafi, ilimin kuma ya tsaya a kan mutum ɗaya. Idan wannan mutumin ya rasu, a raba kayan, shagon da ke da ƙarfi saboda yana da komai ya koma ƙananan tebura huɗu da babu mai komai a cikinsu. A nan kuke tsaye yanzu.

Abin da nake ba ka shawara

Gado haƙƙin magada ne, kada son shago ya sa ka riƙe wa 'yan'uwanka, musamman mata da ƙanana, abin da Allah ya ba su. Amma raba haƙƙi daban, wargaza shago daban. Ana iya kiran mutum biyu amintattu daga cikin kasuwa waɗanda suka san kayan su yi musu ƙima, a san rabon kowa a kuɗi, sannan ko dai ka saye kason masu son fita kana biya kashi-kashi, ko waɗanda suka yarda su bar nasu a matsayin jari kana juyawa ana raba riba bisa kason da aka amince, a rubuce da shaidu. Ku kai wannan gaban malamin da ya san rabon gado ko alƙali ya daidaita muku. Ka kuma nuna wa 'yan'uwanka gaskiya ɗaya: kaya masu jinkiri in aka ce a kwashe su rana ɗaya, kuɗin da za a ba ku bai fi na ƙarfen awo da yawa ba, saboda haka sayarwar gaggawa tana cutar da kowa, har masu son a sayar.

In ka tsaya, kada ka yi ƙoƙarin zama shagon komai da komai kamar zamanin mahaifinku, jarin hakan ya wuce ƙarfinka. Ka zaɓi layi ɗaya ka nutsa a ciki. Da ni ne, ban-ruwa zan zaɓa, domin duk inda aka sami sauƙin tsaro noman rani ne ke fara dawowa, kuma fagen yana sauyawa: tsadar fetur ta sa wasu manoma sun mayar da injunansu amfani da gas, wasu sun koma famfon sola, kuma dukansu suna buƙatar wanda zai auna musu zurfin rijiya da girman fili ya ce ga abin da ya dace. Akwai ma wani sauƙi da ba kowa ya lura da shi ba: yawancin ƙananan injunan ban-ruwa da janareta masu arha kwaikwayon injin Honda GX160 ne da 'yan'uwansa, saboda haka kayan gyaransu sukan shiga juna, ba sai ka tara iri hamsin ba.

Sannan ka sa ilimin ya riƙa kawo kuɗi, hanyar kuwa ita ce gyara. Ka zaunar da bakanike a ƙofar shagon, ko ka koya da kanka, ta yadda wanda ya kawo inji zai biya kuɗin aiki ya kuma sayi kayan a kantarka. A cikin shagunan da na riƙa ba kaya, waɗanda suka haɗa sayarwa da gyara su ne suka fi jure shekarun nan. Haya ma hanya ce: injin fasa kankare ko babban injin huda da ɗan sana'a ba zai iya saye ba zai iya biyan hayarsa ta kwana biyu, muddin ba ka ba da shi sai da wanda ya tsaya masa daga shugabannin ƙungiyar sana'arsu. Farashi kuwa ka riƙa sa shi bisa abin da za ka sake sayo kayan yau, ka tambayi dilanka ta waya kafin ka sayar da duk wani abu mai tsada. Ka ajiye hawa biyu na kaya, mai kyau da na tsakiya, ka faɗa wa mai saye gaskiyar kowanne ka rubuta a rasit, jabu kuma kada ya kwana a shagonka, domin amanar sunan mahaifinku ita ce kaɗai hajar da mai tebur ba shi da ita. Wayar da ta ɗauke maka masu saye kai ma kana da irinta: bakaniken Gummi ko Maradun da ba ya son hawa hanya zai fi son ya turo maka hoto kai da ka san injinsa, ka ba direba.

Abu na ƙarshe da na daɗe ina faɗa wa abokan sana'a shi ne sari na haɗin gwiwa. A Amurka ɗin da ake ba da misali da ita, dubban ƙananan shagunan kayan aiki sun rayu a ƙarƙashin Ace Hardware, wanda ya faro a 1924 a Chicago, kuma a yau masu shagunan ne suka mallake shi, suna sayen kaya tare, kowa na riƙe da shagonsa. Ba sai mun kai can ba. Masu shago biyar ko shida da suka haɗa kuɗi suka yi oda ɗaya daga Anacha ko Legas za su sami farashin da ɗayansu ba zai samu ba, su raba kuɗin mota, su kuma raba kaya masu jinkiri a tsakaninsu maimakon kowa ya daskarar da kuɗinsa a abu iri ɗaya. Abin da ke hana mu shi ne rashin yarda da juna da ƙin rubutu.

Ban ga littafin shagonku ba, kuma abin da na faɗa daga abin da na gani ne a Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita, don haka hukuncin ƙarshe yana ga abin da za ka tarar in ka ƙirga. Kafin ku zauna taron iyali, ka rufe shagon kwana biyu ka bi kanta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi in za a fitar da zakka, ka ware abin da ya fita cikin wata ukun da suka wuce, da abin da ya fita cikin shekara, da abin da ya haura shekara biyu ba a taɓa ba. Ka rubuta bashin da ake binku da wanda kuke bi, na biyun kuma ka lissafa wanda kake da tabbacin zai dawo kaɗai. In shagon na haya ne, bashin da ke kanku ya kusa ƙimar kayan da ke motsi, kai kuma ba za ka iya gane abin da aka kawo maka a leda ba sai ka tambaya, to sayarwa a hankali cikin 'yan watanni ta fi muku alheri. In kuwa ginin naku ne, bashin kaɗan ne, kuma makanikai suna kiran wayarka kai da kanka ba don ta'aziyya kawai ba, akwai abin da za a ci. Tsofaffin sifanu da magagarai na Ingila da Jamus da za ka tarar a ƙasan kanta kuma, ko wace shawara kuka yanke, kada ku haɗa su da kwantai ku ba mai awo. Ku kai su gareji-gareji, manyan makanikai sun san su kuma za su biya kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya.